Gida na Biyar a Layin Su Anas

Sau uku Bilkisu tana ƙirga ƙofofin layin, kuma sau ukun nan ƙidayar na tsayawa ne a baƙin get ɗin gidan su Anas.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu... biyar.

Ta tsaya cak a tsakiyar layin nan na Gyaɗi-Gyaɗi, jakar na'urar awon jini a kafaɗarta, takaici kamar ya kashe ta. Wata biyu ke nan suna wannan aiki ita da abokiyar aikinta Felicitas. Ana son a san cikin kowane mutum ɗari na Tarauni nawa ne ke da hawan jini. Tunda ba za a iya auna kowa ba, ƙa'ida ita ce a tsallake gida huɗu a shiga na biyar, ko na waye.

Yau kuwa na biyar ya faɗa kan Hajiya Talatu, mahaifiyar saurayinta, wadda tun farko ta ce ba ta son suruka mai yawo gida-gida.

Felicitas, haifaffiyar Kano ce, ta san nauyin abin. Ta ba da shawara su shige na shida kawai, wa zai sani? Bilkisu ta ƙi. In kowace ma'aikaciya ta riƙa kauce wa gidan da take jin kunya, adadin da za a fitar ƙarya ne, kuma da shi za a tsara maganin da za a kai asibitocin unguwa. Felicitas ba za ta shiga ita kaɗai ba, don rubutu ne nata, awo na Bilkisu.

Suka yi sallama.

Hajiya na zaune a tsakar gida, Kulu ƴar ƙanwarta na tsince mata shinkafa. Kulun da Hajiya ta daɗe tana yi wa Anas kwaɗayinta. Bilkisu ta durƙusa har ƙasa ta gaida ta, aka amsa da ƙyar.

Felicitas ta fara tambayar sunayen mutanen gida. Hajiya ta lissafa kowa, ta bar ɗaya. Anas ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi. Felicitas ta juyo wurin Bilkisu, wai ai ita ta san sunan. Bilkisu ta sunkuyar da kai, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mata biyu sun san suna ɗaya, babu mai iya faɗa, sai da Kulu ta faɗe shi tana wani yauƙi.

Aka tambayi shekarun Hajiya. Aka ɗora ta a sikeli. Sannan Bilkisu ta matso ta naɗa mata na'urar a damtse.

Ɗari da casa'in.

Ta bari ta huta, ta sake. Bai sauka ba.

"Ina zai sauka kina tsaye a kaina?" in ji Hajiya. "A zamaninmu yarinya ko layin surukanta ba ta bi."

Bilkisu ta haɗiye maganar, ta yi bayani a hankali cewa in awo ya hau haka, dole a dawo wata rana a sake.

Da la'asar Anas ya same ta a gidansu a Unguwa Uku, fuska a yamutse. Ya ce kafin azahar Kulu ta kai labari ga dangi kaf, wai Bilkisu ta zo leƙen ɗakuna, har ta tambayi Hajiya shekarunta ta auna nauyinta kamar buhun masara. Hajiya ta ce a dakatar da maganar sa rana.

"Billy, masoyiyata, don Allah kar ki koma. Ki rubuta ta ƙi yarda kawai..."

"Ɗari da casa'in fa, Anas. Ka ji ni kuwa?"

Ya ce ya ji, amma Umma ba ta taɓa ko ciwon kai ba. Ta ce ai shi ya sa ake bi gida-gida, yawancin masu shi ba su san suna da shi ba. Ya ce ta tausaya wa aurensu. Ta tashi ta bar masa tabarmar.

Ranar Alhamis suka koma. Kulu ta tare ƙofa ta ce Hajiya ba ta nan, alhali ana jiyo tarinta daga ɗaki. Bilkisu ta nemi wuri ta zauna a tsakar gida, ta ce za ta jira. Sa'a guda cur, rana na dukanta, kafin Hajiya ta fito ta miƙa hannu ba tare da ta dube ta ba.

Ɗari da tamanin da takwas.

Wannan karon Bilkisu ta ɗaga kai.

"Hajiya, na san ba kya so na, kuma ban zo neman ki so ni ba. Ko da auren ya fasu, ki je asibiti yau. Wannan jinin shanye mutum yake ba sallama."

Ta ajiye takardar zuwa asibiti a kan tabarma, ta fita hawaye na zuba.

Sati uku babu Anas, babu waya. Ta gama Gyaɗi-Gyaɗi, suka koma Unguwar Gano, kullum tana awon jinin jama'a nata na tafasa.

Ranar wata Asabar sai ga shi, yana ta murmushi kamar bai yi laifi ba. Ta ƙi ko kallonsa. Ya ba ta haƙuri, ya ce Umma ce ta hana, shi kuma tsoro ya ji kar ya ƙara mata ɓacin rai. Amma Umma ta je asibitin tun ranar. Likita ya ɗora ta a kan magani, ya ce duk mako ta zo awo. Jiya ta dawo a adaidaita, an jijjiga ta a hanya, layi ya cinye mata wuni, ta aika a kira Baffansa.

"Me ta ce masa?"

"Ta ce ta gaji. A je a sa rana kafin azumi, a kawo mai taurin kan nan ta riƙa auna ta a gida."

Bilkisu ta harare shi, dariya na neman ƙwace mata.

"Wato na'ura za ku aura."

"Umma dai na'ura za ta ɗauka. Ni mai ita nake so."

Ta ja tsaki, ta gyara mayafi, sannan ta matsa ta ba shi wuri a tabarma.