Rijiyar da Dillali Ya Toshe

Gab da magariba na rufe keken ɗinkina, na tafi karɓar makullin gidanmu na farko. Mun gaji da haya, ni da maigidana direban babbar mota da 'yarmu Auta. Dillalin yana jirana a tsakar gidan. Mai Makullai ake ce masa, saboda tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunsa duk inda ya sa ƙafa.

Mutum ne mai daɗin baki. Duk zuwan da muka yi duba gidan, wuri ɗaya yake dasa kujerarsa ta roba, a kan wani sabon daɓen siminti kusa da katanga. Ranar ma can na same shi.

"Alhaji, wannan daɓen fa? Na ga ya fi sauran sabunta."

"Hajiya, ƙasa ce ta ɗan lotsa, na sa aka gyara muku. Kyauta."

Har godiya na yi masa, ni sakarya.

Muna tarewa maigida ya koma hanya. Sai daɓen ya fara gumi. Rana na dukan ko'ina, amma wurin a jiƙe yake, yana warin tsohon ruwa da gansakuka. Auta ta daina wasa. Da rana ta yi ja sai ta je ta kwanta, ta manna kunnenta da simintin. Ta daina cin abinci, sai ruwa, ta sha ta sha ba ta ƙoshi. Leɓɓanta suka tsattsage. A asibiti aka ce ba a ga komai ba.

"Umma," ta ce min wata rana a hankali, "ba sa iya numfashi. Sun ce in sauko wurinsu."

Na ruga wurin Iya, tsohuwar da muke katanga ɗaya. Ta saurare ni, ta yi salati.

"Rijiya ce a nan, 'yata, kuma tana da masu ita. Marigayiya mai gidan ba ta taɓa rufe bakinta ba. A gabana 'ya'yanta suka gaya wa dillalin, duk wanda zai saya a faɗa masa. Shi kuwa ya ce masu yara ba sa sayen gida mai rijiya, ya kawo magini ya toshe ta."

Ban yi kuka ba, zuciyata ce ta tafasa. Mutumin nan ya ga Auta da idonsa, har alewa ya ba ta.

Na bar yarinyar wurin Iya. Na kira shi a waya, na sassauta murya, na ce ƙanwata na neman gida irin nawa, tana nan tana jira. Kwaɗayin la'ada ya kawo shi kafin a kira sallar magariba. Tun daga waje na ji makullansa.

Na riga na ajiye kujerar roba a kan daɓen. Ya kalle ta, ya kalli jiƙaƙƙen simintin.

"Ko mu shiga daga ciki, Hajiya?"

"A'a Alhaji, ai nan ne wurinka. Zauna."

Ya zauna. Ƙin zama tamkar amsa laifi ne.

Na durƙusa kamar zan gyara takalmi, na kai bakina kusa da ƙasa.

"Ga wanda ya rufe ku," na raɗa. "Ku sakar min 'yata."

Unguwa ta yi tsit. Ko kukan tsuntsu babu.

Sai ƙwanƙwasa daga ƙasa. A hankali. Kamar baƙo mai ladabi.

Makullansa suka fara kaɗawa, alhali bai motsa ba.

Simintin ya tsage. Baƙin ruwa mai sanyi ya ɓullo, ya rufe mana idon sawu. Warin ya cika gidan.

Hannuwa suka fito, sirara, dogaye, gansakuka na rataye a yatsunsu. Suka riƙe ƙafafunsa.

Ya buɗe baki zai yi ihu. Ruwa ne ya zubo.

Wani hannu ya cafki gefen zanina.

"Ke ma kin taka mu," in ji wata murya daga ƙasa.

"Ban sani ba! Wallahi ba zan sake bari a rufe ku ba!"

Hannun ya sake ni. Na fita da gudu ba takalmi.

Masu dawowa daga salla ne suka tsince shi yashe a gefen fasasshen daɓen, da ransa, bakin rijiya a buɗe. Kafin a ɗauke shi Auta ta ce yunwa take ji.

Na sa an zagaye rijiyar da doguwar katanga, samanta a buɗe. Makullan dillalin sun faɗa ciki tun ranar, wani lokaci da magariba nakan ji suna kaɗawa.

Shi kuwa har yau ba ya iya shiga ɗaki. Da ya tsallaka ƙofa sai numfashinsa ya sarƙe, sai an jawo shi waje. Mutumin da a da yake riƙe da makullan gidajen rabin gari, a gindin katangar gidansa yake kwana. Maigida ya ce in yafe masa. Ban yafe ba. Duk ranar da na wuce ta gabansa riƙe da hannun Auta, sai na tsaya na gaishe shi da kyau.

"Alhaji, ya kasuwa?"