Sunan da Dinatu Ba Ta Kira Ba

Gilashi ne a hannunta lokacin da wayar ta yi ƙara.

Shuɗi ne mai faɗin faranti, ta riga ta ja masa layi, saura ta karya. Da ta ga lambar Jamus ce, ta ajiye shi da sauri har tana tuntuɓe da kujera.

"Ka farka? Sun cire maka robar hancin?"



Sai muryar mace, da Turanci a hankali kamar mai tsoron kada kalmomin su fashe.

"Dinatu? Ni ce Hannelore, ƙanwarsa. Ulrich ya tafi da safen nan."

"Ya tafi ina?"

"Dinatu..."

"Na ce ya tafi ina? Ai nan zai zo! An yi masa biza!"

Matar ta fashe da kuka.

Dinatu ba ta yi kuka ba. Ta fita ƙofar ma'aikata, ta dawo. Ta sake fita. Ta zaga bayan gini inda tireloli ke juyawa, ta dawo ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye. Ma'aikata suna tambayarta lafiya, tana ce musu lafiya lau. Ƙafafunta suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, kamar ƙasar ce ke ƙona ta. Watan Janairu ne na 2021.

Da tsintsiya ta fara a wannan wurin.

A 2016 yayanta Jeremiah, direban motar ɗaga kwantena a Jebel Ali, ya samo mata aikin shara a wata ma'aikatar gilashi a Dubai Investments Park. Daga ƙauyensu kusa da Malumfashi ta zo, firamare ce iyakar karatunta, Turancinta na kasuwa ne. Ana yin tagogi masu launi a wurin, na otal, na masallaci, na coci. Wanda aka ɗauko daga Jamus ya shugabanci aikin ya kuma koya wa ma'aikata, wani dogo ne mai furfura, yatsunsa duk tabon yanka. Shekara ashirin ya yi yana koyarwa a makarantar gilashi a ƙasarsu. Kowa Mista Ulrich yake ce masa.

Dinatu ba ta iya zubar da ɓaraguzan da take sharewa ba. Sai ta riƙa tara su a gwangwanayen madara, ja daban, kore daban, shuɗi kuwa gwangwani bakwai.

Wata rana ya tsaya a kanta.

"Me ya sa bakwai? Ai duk shuɗi ne."

"Ba ɗaya ba ne, oga. Wannan na sama ne da safe. Wannan na hadari. Wannan kamar zanen Innata da ya sha wanki."

Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana hangen rana ta cikinsu. Ya daɗe.

"Ajiye tsintsiyar nan," ya ce. "Yalla, zo."

Haka ya fara koya mata. Yadda ake jan abin yanka sau ɗaya tak, ba a maimaitawa. Yadda ake sauraron ƙarar layin kafin a karya. Yadda ake lanƙwasa dalma a kewaye kowane yanki, a narka mahaɗar da ƙarfe mai zafi. Mutum ne mai faɗa a kan aiki. In layi ya karkace da faɗin gashi, zai sa a warware. Kullum yana mita wai ranar Dubai tana cinye launi, abin da ya yi kyau a Jamus a nan sai ya zama ruwa.

"To ka haɗa gilashi biyu mana," in ji Dinatu. "Miya in ta yi tsululu ai kuka ake ƙara mata."

Ya gwada, ya yi dariya har da buga tebur.

Daga ranar ya sa mata suna Mai-ido. Ita ta koya masa kalmar.

Shekara biyu suna tebur ɗaya. Ranar wata Juma'a da babu aiki ya kai ma'aikata wani gari mai suna Hatta yawon buɗe ido. Suna tsaye a bakin dam su biyu, ya cire hula yana juya ta a hannu kamar wanda ya yi laifi.

"Mai-ido, a ƙasarmu mutum zai shekara talatin yana aiki da kai, yana ce maka Malam wane. In ya ba ka sunansa na gida, ƙofarsa ce ya buɗe maka. Daga yau ki daina ce mini Mista. Sunana Uli."

"Uli," ta ce, tana dariya. "Kamar sunan akuya!"

"Sake faɗa."

"Uli."

Kunnuwansa suka yi ja.

Ta kira sunan sati uku. Sannan wata safiya ta yanke a yatsa, ya kama hannunta yana naɗe mata da bandeji, kansa a sunkuye, yana faɗa ƙasa-ƙasa da yarensu. Ta buɗe baki za ta ce masa ya bari ba komai.

Sunan ya maƙale a wuyanta.

Ta san abin da ya same ta. Innarta ta yi shekara arba'in da Babansu, har ta binne shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta.

Daga nan sai "Ka ji." Sai "Gafara dai." Sai ta ƙwanƙwasa tebur da abin yanka har ya juyo. In wani ya tambaye ta ina yake, ta ce, "Shi? Yana ciki." Ta daina cin abinci a gabansa. Ta daina kallon idonsa. A ganinta duk wanda yake da ido ya riga ya gane.

Shi kuwa sai ya rage dariya.

"Dina, na yi miki wani abu ne?"

"A'a."

"Kin manta sunana?"

Ta rufe fuska da gefen ɗankwali ta bar wurin. Ta ɗauka zolaya ce.

A lokacin ne aka ba su aikin babbar taga ta wani coci a Jebel Ali, hoton matar da ta haɗu da Yesu a bakin rijiya. Shi ya zana fuskar da hannunsa, a kan gilashi mai ruwan zuma, ya gasa ta sau huɗu. Ranar da aka jingina ta a jikin haske, duk ma'aikata suka juya suna kallon Dinatu, don fuskarta ce sak.

Har da Felicity.

Felicity 'yar ofis ce, ta yi jami'a, Turancinta kamar na rediyo. Ta daɗe tana kai masa shayi ba tare da ya tambaya ba. Ta tare Dinatu a bakin famfo.

"Sannu, matar rijiya! Daga tsintsiya sai taga? Hala kin san ita ma waccan mazanta biyar?"

"Ki bar ni, Felicity."

"Ni na riƙe ki? Ina dai tausayinki ne, 'yar uwa. In ya kai ki Jamus da wane baki za ki gaishe da danginsa?"

Ita ce kuma ta tura wa Jeremiah hoton tagar. Ya zo ranar Lahadi bayan sujadar yamma, ko zama bai yi ba.

"Ni na kawo ki garin nan! Me zan ce wa Inna?"

"Yaya, ba abin da ya faru."

"Ba abin da ya faru ya manna fuskarki a coci kowa na gani? Mutumin da ya kusa haifarki! Ya saki mace a can, ya zo nan yana neman ta rage zafi. Irinsu in aiki ya ƙare jaka kawai suke ɗauka. Khalas, magana ta ƙare! Kada in sake jin zancen."

Ya fice ya bar Dinatu. Ba ta iya barci sosai, ba ta iya zama. Tana so ya fito ya yi magana kamar namiji, ya je wurin yayanta. Shi kuma kullum sai ƙara ja da baya yake, yana gaishe ta kamar baƙuwa.

Aka ɗora tagar a watan Fabrairu na 2020.

Ranar Lahadi, farkon makon aiki a can, ta zo ta tarar da teburinsa fes. Babu tabarau, babu kofin shayi. A nata gefen an ajiye abin yankansa mai mariƙin katako, da takarda a ƙarƙashi.

Ta juya takardar sama da ƙasa. Rubutunsa a haɗe yake kamar igiya, ba ta iya fitar da komai ba sai sunanta. Ba za ta kai wa Felicity ba. Ta shiga bas har masaukin Jeremiah, ta same shi yana wanke kayan aikinsa.

"Yaya, karanta mini."

Ya goge hannu, ya karɓa yana harararta. Ya fara fassarawa da muryar gatse.

"'Dina, Mai-ido. Na ba ki sunana, kin riƙe shi sati uku kin mayar mini. Na tambayi Felicity ma'anar haka a al'adarku. Ta ce in mace ta daina kiran sunan mutum, ta cire shi daga ranta ke nan, kunya ce kawai ta hana ta faɗa. Na gane, na koma Jamus. Ba zan ƙara takura miki ba...'"

Ya tsaya.

Gatsen ya bar muryarsa.

"Dinatu. Yaushe rabon ki kira sunan mutumin nan?"

"Shekara biyu... saura kaɗan."

"Ko a bayansa?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

Jeremiah ya zauna a kan bokiti. Ya kalli takardar, ya kalle ta.

"Kamar Inna da Baba," ya ce a hankali. Sai kuma ya miƙe a fusace. "Kai, amma Baturen nan sakarai ne! Shekara huɗu yana zaune da Bahaushiya bai san wannan ba? Ina lambarsa? Kawo!"

Shi ya kira. Shi ya yi bayanin, yana ɗaga murya kamar mai saida kaya a tasha.

"Mista! A wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta! Ka ji? Mijinta na ce! Wanda ta raina shi take kira gatsau!"

Dinatu tana jin shirun da ya biyo baya daga inda take tsaye. Sannan wata irin ƙara, ba ta san dariya ba ce ko kuka. Jeremiah ya tura mata wayar ya fita waje.

"Dina?"

"Na'am."

"Shekara biyu kina gaya mini, ni kuma ina jin akasin haka?"

"Ai kai ne malami. Na ɗauka ka san komai."

"Gilashi kawai na sani, masoyiyata. Ina zuwa. Bari in sallami abin da ke gabana, sati uku."

Kafin sati ukun su cika aka rufe jirage saboda korona.

Felicity ta nemi gafara ta waya. Dinatu ta ce Allah ya yafe mana duka, ta kashe.

Watannin nan a waya suka yi su. Yana nuna mata ɗakin aikinsa da ruwan sama a taga, tana nuna masa abin da ta yanka, yana faɗa in layi ya karkace. Ya gaida Inna da Hausarsa mai ban dariya, Inna ta ce a tambaye shi ko yana cin tuwo. Da aka buɗe hanya, mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya tsaya jinya. Aka sa ranar zuwansa, bayan Kirsimeti. Dinatu ta ɗinka kaya, ta warware wuyan rigar, ta sake ɗinkewa. Kullum tana ƙirga kwanaki a kalandar ma'aikata.

Kullum kuma sai ya roƙe ta.

"Sau ɗaya dai, Mai-ido. Ba wanda zai ji."

"Ni zan ji ai."

"Ni Bajamushe ne, ki tausaya mini. Kunnena yana so."

"Sai ka zo."

Saura kwana tara ya taso korona ta kama shi.

Kiran ƙarshe da rana tsaka ne, tana bakin ma'aikata. Yana kwance a asibiti, roba a hancinsa, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Ya ce gobe za su sa shi barci don huhunsa ya huta.

"Dina... faɗa mini."

Ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Amma ga ma'aikaciyar jinya a tsaye kusa da shi, ga masu lodin kaya suna wucewa ta bayanta. Kuma wani tsoro ya kama ta, cewa in ta faɗa yanzu, sallama ce ta yi masa.

"Ba yanzu ba, abin ƙaunata. In ka tashi. In ka sauka a filin jirgi zan kira shi da ƙarfi kowa ya ji, har 'yan sanda su kama ni."

Ya yi murmushi.

"To. Ina jira."

Kwana goma sha shida yana barci. Sannan Hannelore ta kira.

Ba ta je jana'iza ba, ba a bari. Jeremiah ya ce ta koma gida wurin Inna ta huta, ta ce in ta zauna za ta haukace. Ta koma teburinta. Yanzu ita ke koya wa sababbin ma'aikata yanka, kuma sun ce ta cika faɗa. In sun tambaye ta wa ya koya mata, takan ce, "Maigidana." Ba wanda ya ɗaura musu aure, ba kuma wanda ya taɓa yi mata gyara.

Bas ɗin farko take shiga, ta riga kowa isowa. Ta buɗe ƙofa, ta kunna fitilu, ta rataye jakarta. Sannan ta leƙa hagu da dama ta tabbatar babu kowa, don har yanzu tana jin nauyi.

Sai ta juya wajen teburinsa.

"Ina kwana, Uli."