Fata a Harshen Ƙararrawa

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Alhamis aka buga waya ofishin 'yan sanda na Harnbridge cewa an ga gawa a lungun bayan kasuwa. Ranar kasuwa ce, kuma tun kaka da kakanni garinmu bai taɓa fashin Alhamis ba, ko ana yaƙi ko ana ƙanƙara.

Insifekta Rowena Pask ta iso cikin minti goma. 'Yar gari ce, a layin coci aka haife ta, don haka tun kafin ta durƙusa ta gane mamacin. Cedric Mallender ne, dattijo mai sayar da cuku, kwance a gefen amalankensa cikin hazo. Likita ya ce mota ce ta buge shi wajen ƙarfe shida, kuma bai cika nan take ba. Kusa da ƙafarsa Rowena ta tsinci fasasshen jan gilashi, irin na fitilar bayan mota.

Matarsa Enid ta zo da silifas ɗin gida a ƙafarta. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tayar wa mutane hankali ke nan. Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe masa fuska.

"Rowena, ba fansa nake nema ba," in ji ta. "So nake in san wanda ya bar mini miji yashe a ƙasa kamar buhun dankali."

"Zan nemo shi, Mama."

Kafin ƙarfe tara rabin kasuwa sun gama yanke hukunci, don mu nan shari'ar baki ba ta ba mu wuya. Kowa ya ce Denzil Crouch ne, mahaucin da ƙofar bayan shagonsa ke kallon lungun, wanda ya shekara goma yana faɗa da Cedric kan wurin ajiye amalanke.

"Ina kake ƙarfe shida?" Rowena ta tambaye shi.

"A gado, ina sharar barcina. Tambayi matata."

"Ita na fara tambaya. Ta ce tun biyar ka fita."

Denzil ya ajiye wuƙa. "Kai, matar nan ba ta iya rufa wa mutum asiri ba. To, ina shago. Na ji mota ta yi baya, ta tsaya, can kuma ta tafi. Ban leƙa ba. Na san in na ce na ji wani abu, ni za a maƙala wa."

Ta duba motarsa, fitilun lafiya lau. Har ta juya za ta tafi ya ƙara da cewa, "Ni dai ina jin ƙararrawar takwas na san an yi mutuwa."

Rowena ta tsaya cak. A garin nan ƙararrawar coci ce ke buɗe kasuwa da ƙarfe takwas. Idan ɗan gari ya rasu, masu kaɗa ta sukan hau hasumiya su ɗaure wa harshenta fata, sai muryarta ta fito a shaƙe, kowa ya san an yi rashi. Ita ma ta ji ta haka da safen, daga ofis. Amma ba a ga gawar ba sai takwas da rabi.

Ta sami Rabaran Ashby a ƙofar coci.

"Ni na ja igiyar daga ƙasa kamar kullum," in ji shi. "Da na ji ta a shaƙe, na ɗauka wani ya rasu a asibiti ba a sanar da ni ba."

"Su wa ke da makullin hasumiya?"

"Ni da Cedric da Wilfred Oakes."

Makullin Cedric yana aljihun gawarsa, ita ta ciro shi da hannunta. Ta hau matakalar har sama. Ga fatar nan an ɗaure ta tam, ga ɗanyen taɓo a kan tsanin. Ta daɗe a tsaye a wurin, don ta fi son a ce Denzil ne.

Wilfred mai kayan lambu bai kasa kaya ba ran nan. Shekara hamsin suna abota da Cedric, shi ne ma babban abokin ango a aurensa da Enid. Rowena ta same shi zaune a kicin da rigar fita a jikinsa.

"Enid?" ya ce, yana kallon ƙofa.

"Ni ce, Baba Wilfred. Rowena."

"Au, 'yar Pask! Shigo mana. Motata ce ta ƙi tashi yau, ko ƙofa ban fita ba."

Ya miƙe ya ɗauki butar shayi zai zuba mata. Shayin ya sauka a kan tebur, gefen kofin, shi kuwa bai daina zubawa ba sai da ya ji yana ɗiga a ƙasa.

"Baba, tun yaushe ba ka gani?"

Ya ajiye butar. Ta ci gaba:

"Na biyo ta gareji. Fitilar hagu a fashe take, takalminka kuma duk taɓo. Kai ka ɗaure fatar?"

Ya lalubi kujera ya zauna. "Shekara biyu ke nan ba na gani sosai. Cedric kaɗai ya sani. Ya yi ta cewa, 'Kai makaho, ajiye motar nan kafin ka kashe wani.' Ni kuma in ce in na ajiye ta, me ya rage mini? Kowace Alhamis in zan yi baya, shi yake tsayawa a bayana yana buga jikin motar, in ya buga biyu in tsaya. Shi ne idona, Rowena. Yau ban ji bugun ba."

"Me ya hana ka kiran asibiti?"

"Tsoro. Na ce za su gane ba na gani, garin nan kaf ya ji. Na tafi gida da niyyar in buga waya, na kasa. Da na dawo lungun ya riga ya yi sanyi." Hawaye suka zubo masa. "Sai na tuna takwas ta kusa. Shekara arba'in muna kaɗa ƙararrawar nan tare. Ba zan bari ta buɗe kasuwa da muryar murna ba, shi yana kwance a can."

Rowena ta faɗa masa an kama shi. Ba ta sa masa ankwa ba. Ta riƙe masa hannu suka fito, tana gaya masa inda dakali yake.

Enid tana tsaye a bakin ƙofar shinge. Ta zo ne ta gaya wa aminin mijinta rasuwar da bakinta, don kada ya ji a titi. Ta dubi motar 'yan sanda, ta dubi hannun Rowena a damtsensa, ta gane.

"Wilfred," ta ce a hankali. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Da ransa ka tafi?"

Ya juya wajen muryar, bai dace da inda take tsaye ba.

"Ya kira sunana, Enid. Sau biyu."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Rowena ta buɗe ƙofar mota, ta dafa kan dattijon don kada ya bugu, ta shigar da shi.