Shayin da Aka Zubar a Valdanos

Kwana arba'in da binne mahaifiyarsu, gidan su Shpend ya yi tsit kamar rijiya. Su biyu suka rage, shi da ƙanwarsa Fjolla, sai kujerar Nana, mahaifiyar tasu, da ba mai iya zama a kanta.

Ran Asabar ya ce, "Tashi, sarkin kwanciya. In kika ƙara kwana ɗaya a ɗakin nan, gansakuka za ta fito miki."

"Kai dai dubi gemunka," in ji ta. Amma ta tashi.

Ya goya ta a babur. Suka fara da tsofaffin filayen gishiri na bayan Ulcinj, inda tsuntsaye masu dogon wuya ke tsaye da ƙafa ɗaya cikin ruwa, ja-ja kamar an sa musu lalle. Suka hau ganuwar tsohon gari, ya nuna mata dandalin da 'yan fashin teku suke sayar da bayi a da. Da la'asar sakaliya suka gangara Valdanos, cikin itatuwan zaitun da suka girmi kakan kakansu. A nan ta yi dariya, karon farko. Rana na faɗawa teku, ta juye sauran shayi mai zafi a gindin wani tsohon zaitun. Ba ta yi bisimilla ba. Nana ce mai tuna musu irin wannan.

Washegari da magariba dutse ya faɗo kan rufi. Sai wani, sai wani. Shpend ya fita, ba kowa, duwatsun kuwa jiƙe suke da ruwan teku. Da ya dawo, Fjolla na zaune a kujerar Nana.

"Shpend, ɗana," ta ce, da muryar Nana sak, har da 'yar dishewar nan. "Ka rame."

Ya durƙusa, ya kifa kansa a gwiwarta.

Kwana uku bai gaya wa kowa ba. Kullum magariba muryar na zuwa, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta yi masa faɗan gemu. Fjolla kuwa ko ruwa ba ta sha. Ran na huɗu ya riƙe hannunta, ya ji ƙashi zalla. Sai ya je ya kira Hoja Nezir, tsohon limamin unguwarsu.

Hoja ya daɗe yana karatu, har muryar da ke bakin Fjolla ta sauya, ta yi kauri, ta koma ta aljani.

"Ta ƙona mini akushi ina tsakar ci. Shekara ɗari uku ina gindin itacen nan. Dangina duk sun watse, ba mai ce mini sannu."

Hoja ya ce, "Muryar mamaciya fa, a ina ka samo?"

"A ƙirjin yarinyar na tsinta. Yayanta ke so. Ku bar ni nan, kullum magariba in ba shi uwarsa."

Hoja ya dubi Shpend. "Ƙanwarka kuma ba za ta kai Juma'a ba. Kai za ka faɗa, ɗana."

Shpend ya daɗe yana kallon kujerar.

"Ba ni ƙanwata," ya ce.

Aka yi sharaɗi. Zai kai ruwan sukari gindin itacen da hannunsa, ya ba da haƙuri, ya juyo. In ya waiwaya, aljanin ya biyo shi gida.

Washegari ya je shi kaɗai. Ya zuba, ya ce, "Sannu. Yi haƙuri, ba ta sani ba." Ya juya. Ya yi taku bakwai, sai ya ji muryar Nana a bayansa, a hankali.

"Shpend, rufe ƙirjinka. Iskar teku ba ta da kirki."

Ya tsaya. Ya ɓalla maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, har wuya. Bai waiwaya ba.

A gida ya tarar da Fjolla zaune a ƙasa, tana yagar burodi da hannu biyu.

"Yaya, ina ka shiga? Me ya sami idonka?"

"Gishiri ne," ya ce. Ya zauna kusa da ita, bayansu ga kujerar.