Yarinyar Da Ta Toshe Taga

A Unguwar Tudu, can ƙasar Gwarzo, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da kirki, tana da ƙwazo. Aibinta guda ne, ba ta shawara da kowa. In ta ga abu, sai ta yanke hukunci ita kaɗai, wai ita babba.

Babanta, Malam Tasi'u, kafinta ne. Gado da kabad na amare yake yi. Yana da wani tsohon ɗaki a bayan gida, inda yake shafa wa katako fenti mai sheƙi. Kafin ya shafa, sai ya sirka fentin da tina. Tina wani ruwa ne garai-garai, mai wari kamar fetur. In ka shaƙa, har cikin kanka za ka ji shi.

Ƙofar ɗakin kullum a rufe take saboda awaki. Sai wata 'yar taga can sama. Ta nan kaɗai warin yake fita.

Da damina ta kankama, shinge, garar nan mai fiffike, suka fito. Kun dai san shinge, ba su da kunya ko kaɗan. Ta tagar nan suke shiga, su faɗa kan ɗanyen fenti su manne. Wata safiya Baba ya fito ransa a ɓace. Ya ce wa Inna, mahaifiyar yarinyar, aikin kwana biyu ya lalace, ga shi ana jiran kayan wata amarya a Dugabau.

Tausayin Baba ya kama yarinyar. Da ya tafi masallaci, sai ta tattaro tsummoki da tsohon buhun taki. Ta kife turmi a bayan ɗakin, ta hau. Ta cusa su a tagar, ta danna da muciya, ta bi ta liƙe da laka. Ta sauko tana murmushi. Ba ta gaya wa kowa ba.

To, shinge kam sun daina shiga. Baba ya kunna fitila mai caji, ya ci gaba da aiki. Fenti ya yi ta sheƙi, har mutum ya ga fuskarsa a jiki.

Amma daga makon nan ɗakin ya canza.

Magen gidan ce ta fara. Da a kan tarin katako take kwanciya. Yanzu in an buɗe ƙofar, sai ta ja da baya, gashinta ya miƙe. Wata rana yarinyar ta kai abincin rana, ta ga tsaka uku a ƙasa, sun yi rigingine. Ba wanda ya taɓa su. Ko ƙuda babu a ɗakin. Ba ka jin komai sai jan burushin Baba, shuu, shuu. Ta ajiye kwano ta fice.

Baba ma ya canza. Mutumin da yake tashi da malmala biyu, yanzu loma uku sai ya ture kwano. Yana yawan dafe hannun dama na cikinsa. Wani lokaci a ji shi yana dariya shi kaɗai a ɗakin. In ya fito, yana tafiya yana layi. Rannan ya daɗe yana kallon 'yarsa kamar bai san ta ba. A nan ta ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

Inna ta ce ciwon shawara ne, ta jiƙa masa saiwa. Maƙwabta suka ce a'a, ai tsohon ɗakin nan dama ba shi kaɗai yake ciki ba. Yara suka daina bi ta bayan gidan. Ita ma yarinyar ta yarda iskoki ne, tsoro ya cika ta.

Ran Laraba, Malama Safara'u mai koyar da kimiyya ta shigo aji da faranti a rufe. Da ta buɗe, sai ga hantar akuya. Aji ya kaure da dariya, wani har da cewa a kawo gishiri da yaji.

Malama ta ce, "Ku yi shiru, makwaɗaita. Kowannenku yana da irin wannan a cikinsa, ta hannun dama. Ita ce take tace dattin da ya shiga jini."

Ta bayyana musu cewa ba kowace guba ake sha ba, wata shaƙa ake yi. Ta ambaci fetur da tina da maganin feshi. Ta ce in mutum ya daɗe yana shaƙar su a rufaffen ɗaki, hanta takan gaji ta kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa.

Yarinyar ta tuna idon Baba. Ta tuna tagar.

Malama ta ci gaba. Ta ce Allah ya sa wasu sinadarai masu kare jiki a cikin ganye da 'ya'yan itace, irin su zogale, rama, zoɓo, gwanda da karas. Suna taya hanta jure wahala, kamar yadda maƙwabta suke kawo ɗauki in gobara ta tashi. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Amma fa ku ji da kyau..."

Ina! Yarinyar ba ta ji sauran ba. Kalmar zogale kawai ta riƙe.

Ana tashi ta ruga gida, ta hau turmi, ta ja buhun. Ya ƙi fita. Ruwan sama ya kumbura shi, laka ta kame kamar siminti. Ta ja har farcenta ya karye. Sai babba ne zai iya cire shi, kuma sai ta faɗi gaskiya. Ta je bakin ɗakin Inna sau biyu, tana juyowa. Tsoro take kada Baba ya daina son ta.

Sai ta ce a ranta, bari zogale ya yi mata aikin a ɓoye. Ta tsinko cikin ƙwarya, ta roƙi Inna ta yi kwaɗo.

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ke da sai an yi da gaske kike cin zogale?"

Kwana uku tana tura wa Baba kwaɗo da zoɓo. Yana ɗan taɓawa, ya koma ɗakin ya ja ƙofa. Ka ji aikin banza, ana ɗebe ruwa daga ɗaki, rufin yana yoyo.

Ran Asabar da hantsi hadari ya haɗo. Gari ya yi duhu, iska ta tsaya cak. Yarinyar ta ɗauki kwano ta nufi ɗakin. Ta yi sallama, shiru. Ta sake, shiru. Ko jan burushin babu.

Ta tura ƙofar. Wari ya buge ta har hawaye suka zubo. Fitilar tana ci dishi-dishi. Madubin kabad huɗu suna jingine da bango, kowanne da fuskarta a ciki. A madubi na ƙarshe ta ga wata fuskar a ƙasa. Baba ne zaune, ya jingina da gado. Idanunsa a buɗe, amma ba sa motsi.

Kwanon ya suɓuce. Ta ƙwalla ihu.

Baffa Sanusi, ƙanen Baba, shi ya fara isowa. Ya toshe hanci da hula, ya jawo Baba waje. Yana numfashi, amma sama-sama. Kafin ka ce me, gida ya cika. Kowa da abin da yake faɗa. Aka ce a shimfiɗa shi a zaure a yi masa turaren iska, ba ciwon asibiti ba ne. Wata tsohuwa ta taho da kaskon garwashi, za ta fara turara ɗakin.

Yarinyar ta ga in ta yi shiru yanzu, a gida za a bar Baba. Ta sha gaban tsohuwar.

Ta ce, "Ba iskoki ba ne. Ni ce. Ni na toshe tagar, warin tina ya rasa hanyar fita. Malama ta ce yana lalata hanta. Don Allah a kai shi asibiti."

 Baffa ya ɗaga kai ya dubi tagar. Sai ya yi wuf ya karɓe kaskon, ya kai shi can nesa ya kife. Ya ce da garwashin nan ya shiga ɗakin, da gidan gaba ɗaya ya kama. Nan take aka samo mota.

Baba ya yi kwana tara a asibiti. Kwana ukun farko yarinyar ko abinci ba ta iya ci. A rana ta huɗu aka bar ta ta shiga. Ta tarar da likita, wata mace mai fara'a, tana duba shi. Likitar ta ce hantar ta kumbura, amma an zo da sauran lokaci. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta tambaya me ya sa zogalen bai yi aiki ba.

Likitar ta ce, "Ganye yana taimakon jiki, 'yata, kuma zai ci gaba da ci. Amma taimako ne kawai. Sai an fara raba mutum da gubar, an duba shi, an ba shi magani."

Sai washegari a makaranta yarinyar ta gano cewa abin da Malama ta faɗa ke nan bayan "amma".

A ranar dai, da likitar ta fita, yarinyar ta durƙusa a bakin gado. Ta ce, "Baba, ka yafe mini."

Baba ya dafa kanta. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Na yafe. Ni ma da laifina. Na ga tagar ta yi duhu, na ji daɗi, ban bincika ba. Toshewar don ƙauna kika yi. Shirun ne ya kusa kashe ni."

Ta yi kuka sosai, shi kuwa bai hana ta ba.

Bayan an sallame shi, Baffa ya kafa masa rumfa a fili, iska tana shiga ta ko'ina. Ya yi wata guda yana hutawa. Da ya koma aiki, sai da takunkumin rufe hanci irin wanda likita ta faɗa. Ganye kuwa bai sake yankewa a tukunyar Inna ba.

Kowace safiya, in yarinyar ta gaishe shi, sai ta ce ya buɗe ido ta gani. Shi kuma ya zaro mata su, yana dariya. Wata ranar Juma'a ta duba, ta sake dubawa. Fari ne tas. Ta ruga tana kiran Inna, ko takalmi babu.

Yara, kafin ku taɓa abin da ba ku sani ba, ku tambayi manya. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kada ku tsaya gyara a ɓoye. Yarinyar nan ta yi magana, shi ya sa har yau tana da uba.