Yaron da Ba Ya Kallon Kyamara

Girman kai ne laifin da zan ba da labarinsa, irin wanda ke sa uba ya damu da bakin mutane fiye da lalurar ɗansa.

Mai hoto ne. Shagonsa ɗaki ɗaya: labule mai zanen teku, kujera mai jan kushin, fitilu masu lema, da wata 'yar ƙararrawa. Komai rigimar yaro, in ya kaɗa ƙararrawar nan ya kira sunansa, sai ya ɗago ya kalli kyamara. Da wannan ya yi suna. A kujerar nan ya fara ganin matarsa, ta zo ɗaukar hoton katin makaranta, ya yi ta cewa bai fito ba don ta daɗe a zaune. Ya girme ta nesa ba kusa ba, amma ta so shi, ya so ta.

Da ɗansu, wanda suke kira Gwarzo, ya shekara biyu, ta kawo shi shagon ta ɗora a kujerar.

"Gwarzo! Gwarzona! Kalli Baba!"

Yaron bai juyo ba. Fankar sama yake kallo, yana kaɗa hannuwa.

Ya kaɗa ƙararrawa. Yaron ya toshe kunnuwa ya saki ƙara.

"Masoyi..." ta ce a hankali. "Ka gani ko? Abin da nake faɗa maka ke nan."

"Me na gani? Miskilanci ne. Ni ya biyo."

"Kai da bakinka ba ya hutawa?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Ba ya amsa sunansa. Ba ya kallon idona ko ina ba shi abinci. In yana son ruwa ba ya nunawa, hannuna yake ja. Murafen kwalba yake jerawa wuni guda, in ka taɓa ɗaya ranar ba zaman lafiya."

"Tauraruwata, kowane yaro da lokacinsa."

"To mu je likita ya faɗa mini haka da bakinsa. Don Allah..."

Ya bi ta, don a lokacin ba ya iya ganin hawayenta.

Likitar ta zauna a ƙasa tare da yaron, ta mirgina masa ƙwallo, ta kira shi, ta nuna masa taga. Aka gwada kunnensa, lafiya ƙalau. Bayan zuwa da dawowa ta ce alamun galahanga ne, lalurar da ke sa wa yaro jinkirin magana da wahalar cuɗanya da mutane.

"Bakwaini ne?" ta tambaya.

"Bakwaini ne," in ji uwar.

"A danginku akwai wanda ya yi jinkirin magana, ko ba ya son shiga mutane?"

Uwar ta dubi mijinta. Ta san ƙaninsa, wanda har ya girma ba ya haɗa ido da kowa.

"Babu!" ya ce.

"Ba laifi nake nema ba, Malam. Abin yakan bi dangi, haihuwa kafin lokaci da yawan shekarun iyaye ma sukan ƙara yiwuwarsa. Ba wanda ya jawo. Kun yi sa'a da kuka zo da wuri, yanzu ne horon magana da na wasa ya fi kama yaro."

Duk bayanin nan, abu biyu kawai ya ji: dangi da shekaru. Ya tashi ya fita.

A gida ya ce, "An ce na tsufa, an ce jinina ne. A gabanki!"

"Ba haka ta ce ba, masoyi."

"Kin san aikina? Iyaye ne ke kawo mini 'ya'yansu. Gobe a ce mai sa yara kallon kyamara ya kasa da nasa? A gan ki kullum a layin asibiti da ɗana?"

"To a gan ni mana! Ɗana ne."

"Mu jira ya girma."

"Jiran ne aka ce kada mu yi."

Daga ranar ya hana ta kawo yaron shago. Wata rana ta leƙa, ta tarar ya sauke hotonsu su uku daga bango, ya maye shi da na ɗan wani mai murmushi. Washegari ta shirya yaron.

"Ina zuwa?"

"Wurin mai koyar da magana."

"In kika taka ƙofar nan, ki zarce gidanku."

Ta daɗe a tsaye, hannunta a kan ƙofa.

"Wallahi ina son ka," ta ce. "Amma kai kana da bakin kare kanka. Shi ni ce bakinsa."

Ta fita. Ya zauna jiran ta dawo ta ba shi haƙuri. Yayanta ya zo sulhu, mai hoton ya ce sai an daina zuwa asibiti. Mahaifinta ya aika a kira shi, ya ce aiki ya yi yawa. Haka aka yi ta ja har igiyar auren ta tsinke.

Mahaifin nata, tsohon direba ne, shi ya ɗauki aikin. Shi ke kai su horo, shi ke zama a tabarma yana jera murafen kwalba tare da jikansa.

"Abokina, ka fi ni iya fakin ɗin mota," yakan ce masa.

Ba a warke ba, don ba abin warkewa ba ne. Amma yaron ya koyi nuna abin da yake so, ya koyi juyowa, kalmomi suka fara zuwa ɗaya-ɗaya.

Shekaru suka tura. Wata makaranta ta ɗauki mai hoton ya zo ya yi wa ɗalibai hoto. Yana tsakiyar aiki aka zaunar da wani yaro siriri a gabansa. Kunnuwan nan nasa ne, goshin nan nasa ne. Hannunsa ya kai ga ƙararrawa.

"Kada ka kaɗa," in ji wata murya a bayansa. "Ba ya son ƙararta."

Ita ce, da tsohon a gefenta.

"Tauraruwa..."

"Ɗauki hotonka, Malam. Yara na jira."

Ya sunkuya bayan kyamara. "Gwarzo... kalle ni."

Yaron ya duba takalminsa. Sai tsohon ya zo ya tsaya daidai kafaɗar mai hoton, ya ɗaga murfin kwalba.

"Abokina, ga ni nan."

Yaron ya ɗago, ya yi murmushi.

"Baba!"

Mai hoton ya danna. Hoton ya fito tas, bai taɓa ɗaukar mai kyansa ba. Amma ya san aikinsa, ya ga inda idon yaron yake: ba a kansa ba, ɗan gefe kaɗan.

Ga abin da girman kai ya ci masa. Ya rasa matar da ta so shi har bakin ƙofa. Ya rasa ranar da ɗansa ya fara amsa sunansa, ya rasa kalmarsa ta farko. Sunan Baba ma wani ya ɗauka a gabansa, kuma da haƙƙinsa. Mutanen da ya ji tsoron bakinsu kuwa, ko ɗaya bai taɓa tambayarsa ina yaron yake ba.