Rigar da Ba a Kashe Bakinta Ba

Ranar da tela ya fara kai wa yarinya mai wibin kaya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ɗakinta ƙarami ne, ba taga, daga ita sai keken wibin, mai datse gefen yadi yana ɗaure shi da zare don kada ya zare.

"Ajiye nan," ta ce.

Ya ajiye, ya kasa tafiya.

Shi ba shi da kowa. A shagonsa yake ci, a kan teburin yanka yake kwana. Daga ranar kullum sai ya zo, har yadin da ba ya zarewa yana kawowa.

"Malam tela, wannan ai roba ce," ta ce tana dariya.

"A dai kashe bakinta, ranki ya daɗe."

Da zancen aurensu ya kai kunnen babanta, tsohon tela, ya ce sam. Ya san halin teloli, gobe-gobensu ba ta ƙarewa. Wani mai shagon yadi yake so mata.

Ana cikin haka tela ya kawo rigar amarya, yana ta lallaɓa rigar. Ta ɗauka tasa amaryar ce. Tana aiki hankalinta na can, wuƙar keken ta ci cikin rigar. Abin da wuƙar nan ta yanke kuwa ya tafi ke nan. Ta rufe ɗakin, ta daina zuwa.

Ya yi ta wucewa yana kallon kwaɗo. Sai ya tura mata saƙo:

"Sarauniyata, rigar ta ƙanwar maƙwabcina ce, na sake wata. Layin nan ya yi shiru da yawa. Ki dawo."

Ta amsa: "Ni ma shirun ya ishe ni. Je ka ga Baba."

Ya je. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Tuɓe rigarka."

Ya tuɓe, tsohon ya juya cikinta. Ɗinki miƙe sambal, amma gefen duk ya zare, zare na reto.

"Kai da ke kai wa 'yata kayan mutane kullum, taka ba wibin?"

"Baba, kunya nake ji in kai mata tawa."

Tsohon ya murza yadin, sannan ya jefa masa.

"Shashasha. Tana ciki, kai mata. Allah ya yi muku albarka, ka turo manyanka."

"Baba, ba ni da su."

"To ni ne. Tashi, kana ɓata min lokaci."